Katantanwar Goggo Hajo

Kankiya

Da asuba na bar gida a motar Kano, cikin dogon hutu, shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi kowa ya sayi rediyo. Yayana Sale, ma'aikacin tashar jiragen ruwa a Ikko, ya ishe ni da gori, wai ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinmu ba. Jajiberin tafiyar na biya Fakuwa na sallami Goggo Hajo, mai tallar nonon da ta goye ni, wadda yanzu idanunta suka tafi. Ba ta nemi atamfa ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, riƙo mani abin da ni ma zan san tekun ga da shi." Maganar ta tsaya mini a rai har cikin jirgin ƙasa.

Badagiri

Da na isa Ikko, Sale ya ɗauke ni a babur zuwa Badagiri, bakin teku. Teku dai ba ta da tsallake! Na naɗe wando ina tsinta a yashi, ruwa na kora ni, Sale na dariya. Na cika gwangwani da katantanwa, ɗaya kamar dunƙulen hannu, na danne murfi.

Muka ci soyayyen kifi da ruwan kwakwa, muka shiga tsofaffin gidaje. Akwai wani bene mai matakalar katako da ke kuka in an taka, na hau ina salati. A wani gidan aka nuna mana sarƙoƙin da aka ɗaure bayi. Na ɗaga ɗaya, na ji nauyinta, na ajiye.

Hanyar gida

Mu mutanen tudu mun saba da katantanwar rani, fanko. Ashe waɗannan da masu gidan a ciki. Tun a jirgi ake kallona, bayan Bichi kuwa motar da na shiga daga Kano ta ɗauki ɗoyi. Sojan shinge ya buɗe gwangwanin, ya toshe hanci ya kore mu. Direba ya rantse ko mushen ya sauka ko ni. Na roƙe shi ya tsaya a Tsanyawa, na zubar da ƙananan. Wata mai ƙosai ta taimaka mini da toka da ruwan zafi, na wanke babbar tas.

Fakuwa

Na sami Goggo a inuwa, ga gero an shanya. Kunya ta kama ni, tsarabar Ikko guda ɗaya tak. Ta shafa ta, ta shinshina, na kara mata a kunne. Ta kasa kunne. Can ta ɗaga murya: "Ku kwashe shanya, ruwa ya taho!"

Na ce mata babu ko gajimare, tekun ce take ji. Ta daɗe ba ta sauke ba, sannan ta ce, "Ashe kullum damina gare su."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Sale, da mai ƙosan Tsanyawa.