Mai Kwana a Gefen Murhu

A gidanmu na unguwar Ɗan Iya ba a fara tatsuniya sai an gama abu uku: a yi sallar isha, a wanke kwanuka, a ɗaure awaki. Dokar kakata ce, Dada, mahaifiyar babana, kuma ban taɓa ganin ta karya ta don kukan wani jika ba. In ka yi ƙiwar wanke kwanonka, to daga bakin rijiya za ka ji labari, hannunka cikin ruwan toka.

A ruga aka haifi Dada. Aure ne ya kawo ta cikin Bauchi, ta tsufa a gari, amma har ta koma ga Allah ba ta yarda da risho ba. Murhunta na duwatsu uku yana ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar ɗakinta. Da damina takan gasa mana masara a kan garwashi, ruwa yana dukan kwano, mu kuma mun kewaye ta muna ture juna. Akwai wuri ɗaya da ba a turewa, wato gefen dutsen da ke kusa da bango. Nan wurin magenta ne. Wata ta mutu, wata ta gaje ta, amma wurin bai taɓa zama babu kowa ba.

Ba ta buɗe tatsuniya irin ta mutanen gari. Sai ta buga itace a kan dutsen murhu, tartsatsi ya tashi, ta ce, “Ga wata ta taso daga daji.”

Mu ce, “Ta sauka a gidanmu.”

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wani makiyayi, Jaɓɓo. Ruwa ya ƙafe a mazauninsu, ciyawa ta ƙare, ya yi shirin tashi zuwa bakin wani kogi mai nisa. Jaɓɓo mutum ne mai tsari. Ya durƙusar da takarkarinsa, ya fara ɗora turmi, ya bi da taɓarya, ya naɗe tabarmi, ya jera tukwane babba a ƙasa ƙarama a sama, ya rataya ƙore a gefe. Da ya gama, ko allura ba ta da wuri. Sai ga tsohuwar magen gidan, wadda ta shekara da shekaru tana tsare masa hatsi daga ɓeraye, ta zo tana shafa jikinta a ƙafarsa. Ba za ta iya tafiyar ba, shi kuma ba zai kwance kayan da ya ɗaure da kyau haka ba. Ya sa ta a buhu, ya ɗaure bakin, ya rataye a reshen tsamiya. Ya ce wa matarsa, “Don kada ta biyo mu ta wahala.”

Suka isa bakin kogi lafiya, ko ƙwarya ɗaya ba ta fashe ba. Ya kafa bukka, matar ta jera duwatsun murhu, ta ƙyasta wuta. Wuta ta ƙi kamawa. Ta je maƙwabta ta ɗebo garwashi, yana zuwa bakin bukka ya mutu. Ta sake ɗebowa, ya sake mutuwa. Sai suka ji toka tana waƙa. A nan Dada takan rage murya, ta riƙa kaɗa kai:

“Jaɓɓo, Jaɓɓo, ka kawo turmi,
Jaɓɓo, Jaɓɓo, ka kawo taɓarya,
Ina mai kwana a gefena?”

Suka kwana da yunwa. Mutanen wurin suka taru suna kallon gidan da wuta ta ƙi, toka kuma ba ta fasa waƙa ba, har yara suka iya ta. Dole Jaɓɓo ya juya da ƙafa, ya ratsa ta cikin jama'a kansa a sunkuye, ya nufi kufai.

A nan take tsayawa. Ta juya masara, ta ce, “Na sauke ta a nan, mai so ya ɗauka.”

Mu yi ta ihu, “Dada, ya same ta da rai?”

Ta ce, “Ya danganta da saurinsa.”

Ba ta taɓa ƙara ko kalma a kan haka ba. Ƙannena mata sukan yi kuka. Ni ban taɓa yi ba, domin abin da yake burge ni a labarin daban ne. Ina son yadda Jaɓɓo yake ɗora kaya. Wata rana ta yi kuskure ta sa tukwane kafin tabarmi, na ɗaga hannu kamar a aji na ce, “Dada, ba haka ba ne. Tabarmi ne bayan taɓarya.”

Ta dube ni, ta yi dariya har tana tari. Ta ce, “Kai kam Buba, ka ji kayan, ba ka ji kukan ba.” Ta miƙo mini masara mafi girma. Na ɗauka yabo ne.

Ta gaya mana yadda ake tashi a rugarsu. Ta ce ba a taɓa igiya sai an san inda kowane mai rai zai zauna: maraƙin da aka haifa jiya, tsohuwar da ƙafa ta ƙi, kazar da ke kwanci. Bayan su ruwan sha. Kaya su ne ƙarshe, abin da bai samu wuri ba a bar wa kufai. Kuma maigida shi ne yake fita a ƙarshe, bayan ya zagaya ya ga bai bar abin da yake numfashi ba. Na ji wannan da kunnena, ba sau ɗaya ba.

Na girma, na zama ma'ajin kaya a wurin aikina. Karatuna bai yi nisa ba, amma ba a taɓa neman abu a ɗakin ajiyata an rasa ba. A gida ma haka nake. Takalmi yana da wurinsa, buta tana da nata. Matata Hajara ta saba, 'yata Ummi ta taso a ciki. Nakan ce musu gadon Dada ne. Tatsuniyar Jaɓɓo kuwa ni na koya wa Ummi da bakina, har ta zama abin wasa a gidan: duk ranar da wuta ta yi gardama, sai a rera mata waƙar toka a yi dariya.

A daminar bana aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Lakwaja. Tafiya ce ta yini guda, ta Jos, ta Akwanga, ta Abuja, kafin a gangara. Na zauna na tsara komai. Hajara da Ummi za su bi motar haya. Ni zan zauna a gaban motar kaya tare da direba, in sa ido. Gadaje za su fara shiga, sai firji, sai kujeru, sai kwalaye, a rufe da tamfol. Na auna bayan motar da igiya, na auna kowane kaya, komai ya zauna daidai.

Muna da mage, baƙa mai farin wuya, Ummi ta sa mata suna Kande. Tun tana 'yar ƙarama ta shigo gidan, a cinyar Ummi ta girma. Ana saura kwanaki mu tashi ta haihu a bayan buhun masara, 'ya'ya uku, ko ido ba su buɗe ba.

Na yi tunani a kanta, ba zan ce ban yi ba. A bayan mota, ƙarƙashin tamfol, zafi zai kashe su kafin Akwanga. Motar haya ba za ta ɗauke su ba. Maƙwabta na tambayi gida biyu, kowa ya ce ita kaɗai ma ba ya so, balle da zuriya. Saura gaban mota, a kan cinyata, ni da furfurata in ratsa jihohi ina rungume da kwandon mage, 'yan sandan hanya suna leƙowa. Na ce wannan ba tsari ba ne.

Kowa a garin nan ya san yadda ake rabuwa da mage. A sa ta a buhu don kada ta ga hanya, a kai ta can bayan gari, a kwance a juyo. Na yi magana da wani mai keke-napep da yake kai ni aiki, Ɗanjuma, ya zo da yamma ranar jajibirin tafiya. Na ware buhun shinkafa da babu komai a ciki, na naɗe shi da igiyarsa, na sa a bayan ƙofa. Na ce wa Ummi na samo wa Kande gida mai kyau, masu yara, har da madara. Ta yi kuka, ta haƙura, ta ce in gaya musu Kande ba ta son a taɓa mata wutsiya. Na ce zan gaya musu.

Hajara ta ga buhun. Ta ce, “Malam, gida mai kyau ake zuwa a buhu?”

Na ce, “Ki ji da kwanukanki.”

Ranar jajibirin ta zo. An yi ruwa da rana. Tukunyar gas tana cikin abin da na riga na ɗaure, don haka Hajara ta fito da kurfoti tsakar gida za ta dafa mana abincin dare. Gawayin ya sha sanyi. Ta ƙyasta ashana, ta yi fifita da faifai, hayaƙi kawai. Ummi tana tsugune kusa da ita, Kande a cinyarta. Ni ina ɗaure kwalin ƙarshe. Sai yarinyar nan, ba da wata manufa ba, kamar yadda muka saba, ta fara:

“Jaɓɓo, Jaɓɓo, ka kawo turmi,
Jaɓɓo, Jaɓɓo, ka kawo taɓarya...”

Hajara ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “Yi shiru, Ummi. Babanki yana aiki.”

Igiyar tana hannuna, na kasa ƙulla ta. Kafin in san abin da zan yi, sai sallama daga zaure, da muryar Ɗanjuma wadda ake ji har bakin titi.

“Malam Buba! Ina buhun magen? Mu yi sauri kafin magariba. Hanyar Ningi zan yi da ita, can bayan gonaki. In ta dawo daga nan, wallahi ba mage ba ce, aljana ce!”

Ya yi dariya shi kaɗai. Ummi ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dubi bayan ƙofa inda buhun yake, ta sake dubana, ta ce, “Baba, a bayan gonaki masu madarar suke?”

An taɓa yi mini faɗa a gaban ma'aikata, an taɓa kama ni da kuskure a wurin aiki, amma ban taɓa jin kamar ƙasa ta tsage in shige irin na ranar ba. Na fita zaure na ce wa Ɗanjuma an fasa. Ya ce, “To ni da na bar fasinja na zo?” Na ce ya kai ni kasuwa. Na samo kwandon kaji mai murfi, wanda iska take shiga ta ko'ina. A hanyar dawowa yana ta zolaya, wai daga ma'ajin kaya na koma ungozomar mage. Ni kuwa maganar Dada ce take yawo a kaina, ita da masarar da ta ba ni. Sai a cikin keken nan, da furfura a kaina, na gane ba yabo ba ne.

Na dawo na sake tsari daga tushe, yadda Dada ta faɗa. Kande da 'ya'yanta a gaba, a kan cinyata. Gorar ruwa da ƙaramin kwano a ƙafata. A tsaya a inuwa in rana ta take. Da na gaya wa direban a waya, ya ce shi kaya aka ce ya ɗauka, ba a ce da mai jego ba, amma in ta yi masa ɓarna a kujera ni zan wanke. Na ce na ji. Hajara ta ɗauko buhun, ta farke shi da wuƙa, ta shimfiɗa a cikin kwandon. Gawayin ma ya kama da kansa bayan ya sha iska.

Da muka zauna cin abinci, Ummi ta ce, “Baba, da wutar ta kama tun farko, kuma da mai keke bai yi magana ba fa?”

Ni da nake da amsar kowace tambaya a gidan nan, na sa loma a baki na yi ta tauna.

Muna yara mun ɗauka Dada rowar ƙarshen labari take yi mana. Yanzu ina ganin ta gaya mana iyakar abin da ta sani. Ko Jaɓɓo ya sami magensa da rai, ya dawo da ita, wuta ta kama, akwai abin da saurinsa ba zai dawo da shi ba: matarsa ta ji abin da ya ce a gindin tsamiya, kuma ta ga buhun. Ni na yi sauri, Kande tana nan tana lasar 'ya'yanta. Amma da safe, da direba ya iso, na miƙa hannu zan ɗauki kwandon, Ummi ta riga ni. Ita ta kai shi har gaban mota. Ta jira na hau na zauna, ta ɗora mini a cinya, ta ɗaure murfin da ɗankwalinta, ƙulli irin nata wanda za ta gane in an kwance.

Sannan ta zagaya ta wajen direba, ta ce, “Kawu, don Allah in kun tsaya a hanya, kai ma ka riƙa dubawa.”