Tsutsar Kumatun Karfasa

Shekarun baya kwalejin da nake aiki ta tura ni Jibiya in tattaro tsutsotsin da ke maƙale wa kifin madatsar ruwa. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai an sa madubin likita. Jikinsu shimfiɗe yake kamar ganye, a gindinsu akwai ƙugiyoyi da suke kama jan naman nan na ƙarƙashin kumatun kifi, wanda yake numfashi da shi. Aikina shi ne in kankare wurin, in duba, in ware su iri-iri, in zuba a kwalabe da ruwan magani.

Na kama ɗaki a Magama, kusa da shingen iyaka. Matata da yara suna Katsina. Da safe in je bakin ruwa in sayi kifi wurin masunta, in dawo in zauna gaban taga har la'asar. Masuntan ba su da laifi, amma ba mu da abin cewa bayan gaisuwa. Mai gidan da nake haya ya taɓa leƙa madubin sau ɗaya, ya ɗago ya ce, "Allah mai iko," ya fita. Bai sake tambaya ba. Idan na kira matata na fara ba ta labarin abin da na gani, sai in ji hankalinta yana kan tukunya, in sauya magana.

Wata ranar kasuwa ina shan shayi a bakin shinge, kwalabena suna cikin kwali a gefena, sai wani dattijo mai farin gilashi ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta sama.

"Malam, wagga ta tarwaɗa ce ko ta karfasa?"

Na ajiye kofin. Ban taɓa jin wani ya yi mini wannan tambayar ba. Ashe ma'aikacin kula da kifi ne daga wajen Maraɗi, ya daɗe yana irin aikina shi kaɗai. Abokan aikinsa suna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, ni ma na bi su. Ruwan da ya bar madatsarmu shi ke gangarawa wajensu, don haka muka ce bari mu ga ko tsutsar ɗaya ce.

Daga nan duk ranar kasuwa yakan tsallako. Ya ba ni nasa kwalaben, in ba shi nawa, mu tafi ɗakina mu riƙa karɓa-karɓa da madubi. Mun ga kowane kifi da tasa: ta kurungu ba ta zama a jikin karfasa, ta karfasa ba ta kula tarwaɗa. Ta tarwaɗa iri ɗaya ce nan da can. Amma a karfasar wani tafki na wajensu akwai wata mai doguwar ƙugiya, siririya, wadda ban taɓa gani a madatsarmu ba.

"Tana nan tahe," ya ce. "Masu kiwon kihi suna ɗaukar 'ya'yan kihi cikin jarka daga ruwa zuwa ruwa. Duwan, kwastan ɗinmu, ba su buɗe kumatu."

Na ce ruwa gangara yake, ba ya hawa. Ya yi dariya ya ce jarka tana hawa.

Sai aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi layi a gefen hanya har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu, mai shayi ya kwashe teburinsa. Da farko muna magana ta waya, daga baya saƙo ya ragu. Ni kuma na koma zaman taga. Ranar kasuwa takan zo in tsinci kaina na share ɗaki na gyara kujera ta biyu.

Cikin damina na sami tsutsar. A jikin wata karfasa ce ƙarama daga gefen Bugaje, nan wajenmu. Na kankare, na sa a madubi, ga doguwar ƙugiyar nan a lanƙwashe. Na miƙe tsaye, na zaga ɗakin, na leƙa waje. Wata mata tana shanya, wani yana wanke babur. Na koma na ɗauki hotonta ta bakin madubin na tura masa, na rubuta cewa shi ne da gaskiya.

Amsa ba ta zo ba. Sai bayan an jima sosai wata murya ta kira ni, ta ce ita 'yarsa ce.

"Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, bakinshi ba ya hita. Na nuna mashi hoton. Ya riƙe wayar ya ƙi saki."

Da aka buɗe hanya na je. Yana kwance a rumfa, ya rame. Na gaishe shi, ya dube ni. Na zauna na faɗa masa komai, inda aka kamo kifin, girmansa, yadda ƙugiyar take, da cewa na sake samunta a wasu bayan nan. Na daɗe ina magana, fiye da duk maganar da na yi a shekarar. Ba na iya cewa nawa ya gane. Da zan tafi ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ɗaki. 'Yar ta fito da kwali cike da kwalabe, na tafkuna da gulaben da ya zaga tun yana saurayi, ta ce ofishinsu ba mai nemansu.

Ya rasu kafin kaka. Ba da daɗewa ba kwaleji ta ce aikin ya isa haka, aka maido ni Katsina ina shirya wa ɗalibai kayan gwaji. Kwalin yana ƙasan teburina. Wasu kwalaben ruwansu ya bushe, abin ciki ya lalace. Sauran nakan ɗauko ɗaya idan an tashi hutun rana, in duba, in ƙara mata ruwan magani, in maida. Har yanzu ban kai rabinsu ba.