Clarrie Mai Rufe Ƙyaure

Shekara goma sha ɗaya Clarrie Pascoe ya yi yana hawan keke tare da mu, kuma ban taɓa ganin ranar da ya wuce ko mutum ɗaya ba. Mu goma sha huɗu ne a ƙungiyar. Duk safiyar Asabar mukan haɗu a bakin shagon burodin garinmu a kudancin Gippsland, mu bar kwalta mu kama burji, mu ratsa dajin itatuwan turare, mu ɓulla kan tuddan makiyaya, hau wannan gangara wancan, har rana ta take. Clarrie yana can baya yana haki a kan tsohon kekensa na ƙarfe, wanda ya girmi rabin 'yan ƙungiyar.

Da can direban motar makaranta ne, shekara talatin, kuma da yawa daga cikinmu shi ya yi ta jigilarmu muna majina. Matarsa ta rasu. 'Yarsa guda, Bronwyn, tana Melbourne. Ba ya zuwa coci, ba ya zuwa mashaya, ba ya kamun kifi. Asabar ɗin nan ita ce duk abin da ya rage masa a duniya. Tun ranar Alhamis yake fara wanke sarƙar keke da tsohon burushin haƙori.

Kada a ɗauka ɗan rakiya ne kawai. Yana da aikinsa, kuma yana ji da shi. Hanyoyinmu ta cikin gonakin mutane suke bi, kowace gona da shingenta da ƙyaurenta, dokar kuwa ko yaron goye ya san ta: yadda ka tarar da ƙyaure, haka za ka bar shi. To amma na baya ta ina zai san ko a buɗe aka tarar, ko na gaba ne suka buɗe? Clarrie ne ya kawo dabarar. Duk wanda ya buɗe rufaffen ƙyaure sai ya ɗora dutse a kan ginshiƙinsa. Idan Clarrie ya iso ya ga dutse, ya sauka ya rufe, ya yar da dutsen. Idan babu dutse, ya wuce abinsa. Saboda wannan ne manoma suka sake mana hanya. Sukan ce, "In dai Clarrie na baya, ku wuce." Ya fi son jin wannan magana fiye da a ba shi kyautar sabon keke.

Shugabanmu Brodie Kearns ne, dillalin gidaje, mai keken da kuɗinsa zai sayi mota. Mutum ne mai ban dariya, irin wanda sai ka gama dariyar ka tuna da wani ake yi. Clarrie ne abincinsa.

"Kai, Kunkuru! Mun sha kofi mun gama, har kofunan sun bushe."

"Ai gaggawa ba ta kai ni ko'ina ba, ɗana," in ji Clarrie, yana share zufa yana murmushi.

"Mako mai zuwa ka taso tun Juma'a, ko ma iso tare."

Mu kwashe da dariya, shi ma ya taya mu. Ni Glenys, mai ba ku labarin nan, muryata ta fi ta kowa tashi, ba zan ɓoye ba.

Wata Asabar cikin Janairu, tsakiyar bazara ke nan a wajenmu, zafi kamar a toya ƙwai a kan sirdi, muka shiga gonar Noelene Haddrick. Gonarta ce ƙashin bayan hanyarmu, don ta nan kaɗai ake haɗa daji da tudun da muke taƙama da shi. Mu huɗu ne a gaba: Brodie, ni, da wasu biyu. Muka iso ƙyaure na uku, wanda ke gindin gangara, muka tarar da shi a wangale. Tsohon ƙyaure ne mai nauyin tsiya, ƙarfen da ke riƙe da shi ta sama ya karye, sai an ɗaga an ja.

Brodie ya taka birki. Ya sunkuya ya ɗauki dutse kamar dunƙulen hannu ya ɗora a kan ginshiƙi.

Na ce, "Kai, a buɗe fa muka same shi."

"Na sani mana. Bari mu ba tsohon aikin motsa jini, ko tumbin nan ya ragu."

Muka hau tudu muka tsaya a inuwa muna kallo. Can sai ga Clarrie. Ya ga dutse, ya sauka, ya kwantar da keke, ya kama ƙyauren nan yana ja yana hutawa, yana ja yana hutawa, ya kusa minti goma. Ya saƙala sarƙa, ya jijjiga don ya tabbata, ya yar da dutsen. Dariya har da riƙe ciki. Babu wanda ya tambayi kansa me ya sa Noelene ta bar ƙyaure a buɗe a irin wannan zafi, alhali dukkanmu a cikin tumaki muka girma.

Ta bar shi ne don garkenta na ƙetaren tudu ya riƙa zuwa kwamin ruwa. Ita kuma tun Juma'a ta tafi da mijinta asibiti a birni. Kwana uku zafi bai sauka daga digiri arba'in ba. Da ta dawo ranar Talata, tumaki sittin da ɗaya ta tarar a jibge a bakin ƙyauren, wasu kansu a cuse cikin waya, ruwa yana taku ashirin daga gabansu.

Aka kira taro a zauren 'yan kwana-kwana na gari. Noelene ta zo da takalman gona, ko zama ba ta yi ba.

"Tambaya ɗaya na zo da ita. Wa ya rufe mini ƙyaure?"

Clarrie ya miƙe, hularsa a hannu. "Ni ne, Noelene. Amma akwai dutse a kan ginshiƙi."

Ta juyo gare mu. "To ku ji. In kuskuren tsufa ne, zan haɗiye, kowa zai tsufa. In kuwa wani ne ya yi mini wasa da dabbobi, gobe zan sa kwaɗo, kuma babu gonar da za ku ƙara takawa daga nan har bakin teku. Ni zan bi manoman gida-gida."

Brodie ya girgiza kai, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya. "Clarrie, abokina, wane dutse kuma? A buɗe muka tarar, muka wuce. Ranar akwai zafi sosai. Kowa idonsa na iya yi masa gizo."

"Na gan shi. Da hannuna na yar da shi." Sai ya waiwayo gare ni. Ni ce wadda ya taɓa komawa da motar makaranta mil shida don na manta jakata. "Glenys, 'yata, ke kina gaba. Ba ki ga dutse ba?"

Na tuna tudun nan da hantsi, da iskar gangara, da yadda Asabar take wanke mini haushin mako. Na ce, "Gaskiya ban lura ba, Clarrie."

Ya daɗe yana kallona. Ba kallon tuhuma ba ne, da shi ne da sauƙi. Kallon mutumin da ya yarda da ke fiye da idonsa ne. Ya zauna a hankali ya ce, "To."

Washegari shi kaɗai daga cikinmu ya je ya taya Noelene binne gawarwakin. Ranar Asabar kuma ya zo bakin shagon burodi kamar kullum, sarƙa fes. Brodie ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa sharaɗin Noelene: hanya na nan, amma ban da shi. Muka hau muka tafi muka bar shi tsaye riƙe da keke. Ban waiwaya ba, kunya ta hana ni.

Ƙaramin gari ba ya riƙe magana. Kafin wata guda kowa ya ji cewa Clarrie ya fara ruɗewa. In ya manta canji a kanti, a ce ka gani ko. In ya kira wani da sunan ubansa, a ce ai dama. Shi kansa ya fara rubuta komai a takarda, yana komawa sau uku ya duba ko ya kashe murhu. Bronwyn ta zo ta kai shi wurin likita, kuma tsohon da ya daina barci ya daina cin abinci ba ya amsa tambayoyin likita da kyau. Kafin sanyi ya shigo an sa gidansa a kasuwa. Brodie ne ya sayar. Keken kuma ya karɓa ya rataye a bangon shagon burodi da furen roba a kwando, baƙi suna ɗaukar hoto a ƙarƙashinsa.

Bara na je Melbourne na leƙa shi a gidan tsofaffi. Tun a mota nake haddace yadda zan faɗa masa gaskiyar dutsen. Na same shi a bakin taga, ya rame, ƙafafun nan da suka hau kowane tudu a yankinmu an lulluɓe su da bargo. Nan take ya gane ni. Ya tambayi kowa da sunansa, har karen Noelene. Ƙwaƙwalwarsa garau take, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

"Wa ke rufe ƙyaure yanzu?"

"Ni ce. Gwiwa ta fara ba ni matsala, ni ce ta baya."

Ya kama hannuna. "To ki riƙa dubawa da kyau, 'yata. Ki taɓa dutsen da hannu kafin ki rufe. Ni har yau in na rufe ido ina ganinsa, ja-ja haka, da ɗan tsagi a gefe. Kin ga yadda kai yake yaudarar mutum." Ya yi ɗan murmushi. "Na gode da ba ki rufa mini asiri ba a ranar. Da kin ce kin gani don ki faranta mini, da har yanzu ina can ina kashe wa mutane dabbobi."

Na buɗe baki. Mai kawo shayi ta turo ƙofa ta tambaye ni ko ina shan sukari.

Na ce cokali biyu.