Gicciyen da Aka Karya a Kabarin Baba Isaka

Shekara goma ke nan da muka sa Baba Isaka a makwancinsa, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta da ke kudancin Manchester. Na so wannan waiwaye ya zama na addu'a da yabo kaɗai, kamar yadda aka saba. Abin da ya faru a bakin kabarinsa bara ya hana ni.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, Bahaushe ne ɗan Zangon Sekondi a ƙasar Ghana. A gidansa na unguwar Ardwick, a nan Manchester, na sauka lokacin da na zo daga Kano karatun injiniya, kamar ɗalibai da dama kafina da bayana. Da yawa daga cikin likitoci da akantocin da ke zama a sahun gaba a tarukanmu yau sun ci tuwon gidan nan, sun yi barci a falonsa kafin su sami ɗaki.

Yana saurayi aka ɗauke shi aiki a wani jirgin ruwan yaƙin Ingila, lokacin yaƙin duniya na biyu. Jirgin irin siraran nan ne masu gudu da Turawa ke kira distiroya. Aikinsa rakiyar jiragen kaya a tekun Atlantika, yana kewaya su, yana farautar jiragen abokan gaba da ke lafe a ƙarƙashin ruwa. Baba yana can ƙasa wajen tukunyar injin, inda ba a ganin rana. Jirgin ya tsamo mutane da yawa daga teku. Sau ɗaya shi ma jirgin aka fasa masa goshi, aka ja shi tasha, aka gyara, ya koma. Da yaƙi ya ƙare aka ɗaure shi a wata tasha har ya yi tsatsa, sannan aka sayar wa masu yankan ƙarfe. Ko ƙusa ba ta rage ba.

Baba bai cika ba da labarin harbe-harbe ba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne mutanen da ake tsamowa bayan jirginsu ya nutse, baƙin mai ya rufe su tun daga gashi har tafin ƙafa. Yakan ce mini, "Yaro, in mai ya rufe mutum, ba ka sanin Bature ne ko baƙi sai ka wanke shi." Wanda ya cika a cikinsu, al'adar jirgi ita ce a ɗinke shi cikin tamfol a zura shi teku. Baba kuwa ɗan mai wankan gawa ne a Zango, tun yana ƙarami yake riƙe wa mahaifinsa buta. Ransa bai ba shi a sallami ɗan Adam da dauɗa a fuska ba. Sai ya riƙa hawowa da bokitin ruwan ɗumi da sabulu, yana wanke su ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa tambayar addinin kowa ba, ma'aikatan jirgin ma ba su hana shi ba.

Ranar da aka fasa goshin jirginsu, cikin waɗanda ya wanke har da wani yaro ɗan Birmingham. Abokin yaron, wanda suka tashi a layi ɗaya, shi ya riƙe masa kai har aka gama. Sunan abokin Walter. Bayan yaƙi Baba ya zauna a Manchester, Walter ya koma unguwarsu Sparkbrook a Birmingham, amma duk watan Nuwamba, lokacin da mutanen ƙasar nan ke tunawa da matattunsu na yaƙi, sai ya hawo bas ya zo. Na sha ganin su a wani shagon shayi a unguwar Rusholme, suna musu a kan wanda ya fi wani amai a teku.

Da Baba ya rasu, Walter bai daina zuwa ba. Sai dai ya koma maƙabarta, da hularsa da lambobinsa na yaƙi a ƙirji, ya kafa ɗan ƙaramin gicciye na katako mai jan furen takarda, irin wanda tsofaffin sojoji ke kafa wa junansu. Iyakar abin da ya sani ke nan na girmama mamaci. Bara wasu samarinmu uku da suka je wata jana'iza suka gan shi. Ɗaya ya fizge itacen, ya karya a gabansa, ya jefa masa a ƙafa, ya gaya masa maganganun da ba zan rubuta ba. Tsoho ne da ya haura tamanin, yana dogara sanda.

Na zauna na tuhumi fushina, don na san yadda fushi ke ruɗar mai shi. Shin ina so a bar gicciye a kan kabarin Musulmi? A'a. Da Baba na raye, shi ma zai ce a cire. Amma na san yadda zai cire shi: zai riƙe hannun mutumin, ya yi masa ba'a, ya nuna masa yadda muke yi. Na kuma san halin da samarinmu ke ciki a 'yan shekarun nan, ana bin su da kallo a bas, ana tambayar su ɓangaren da suke. Ya kamata wanda ya ɗanɗana wulaƙanci ya fi kowa gudun yi wa wani.

Na kai maganar ga shugaban kwamitin jana'izarmu, wanda shi ma tsohon ɗan gidan Ardwick ne. Ya ce, "Injiniya, a bar maganar nan. Kishin addini ne ya ɗebi yaran."

Na ce, "Alhaji, kishin ne ya hana su yi masa magana kamar sa'an kakansu? Kuma shekara tara mutumin nan yana kafa abin nan, yaya aka yi sai bara muka gani?"

Ya ce yana da baƙi, za mu yi waya. Amsar kuwa kowa ya san ta. Ba mu gani ba ne saboda ba ma zuwa.

Da Nuwamban bana ya ƙarato na tafi Sparkbrook wurin Walter. Ɗan gidan da yake zaune na bayan wani masallaci, maƙwabtansa duk Musulmi ne, su ke ɗauko masa magani. Na ba shi haƙuri. Na gaya masa mu ba ma kafa komai, tsayawa muke yi mu yi addu'a, shi ma zai iya tsayawa. Na ce zan zo da mota in ɗauke shi, in kuma tsaya kusa da shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ka kyauta, ɗana. Amma ba na so in jawo wa Isaka rigima da mutanensa."

Bai zo ba.

Me ya rage na Baba Isaka? An yanka jirgin. Hukumar gari ta rushe layinsu na Ardwick. Mu da muka ci tuwonsa mun san shi ne yana dattijo mai carbi, kuma za mu ci gaba da roƙa masa rahama, Allah Ya jiƙansa. Amma saurayin da ya durƙusa a kan jirgi yana goge mai daga fuskokin 'ya'yan wasu, mutum ɗaya tak ya rage a duniya da ya gan shi da idonsa, kuma mu muka kore shi. Na je maƙabartar ranar Lahadin da ya saba zuwa. Kabarin ba gicciye, kamar yadda muka so. Ciyawa ta kai gwiwa.