Ranar da Ɗantani Ya Saki Iskar Tukwane

A wannan watan Malam Ɗantani, mijin ƙanwata Hajiya Rakiya, ya cika shekara goma sha ɗaya a kabari. Mun yi masa sallah a Harami, muka kai shi makwancinsa, kowa ya koma harkarsa. Tun daga lokacin ban rubuta kalma ɗaya a kansa ba, alhali ni ne mai alƙalami a gidanmu. Shirun nan yana da dalili, kuma dalilin ba abin alfahari ba ne.

Ɗantani Basarke ne daga ƙasar Yawuri, ya iya ruwa kafin ya iya Fatiha. Ya zo aikin Hajji, ya zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, kamar dubban 'yan uwanmu. Ni kuwa na fito ne daga makarantar mishan ta zamanin da, inda ake duba farcen yaro kowace safiya, a kuma yi masa bulala in ya makara da minti ɗaya. Shi yana kirana Bature saboda agogona, ni ina kiransa mutumin kifi. Duk da haka bai taɓa zama a gabana ba sai na zauna, kuma in magana ta yi nauyi Yaya Malam yake ce mini.

A bayan gari, ta wajen kudu, akwai wani tsohon ramin fasa dutse da ruwan sama da na ƙasa suka cika. Wani attajiri ya kewaye shi, ya kafa dandamalin katako a bakinsa, ya mai da shi wurin koyar da nutso da tukunyar iska. Ni ne magatakarda a wurin, domin ina karanta takardun kayan da ke zuwa da Turanci. Ni na kawo Ɗantani, kuma cikin 'yan watanni ya zama shi ne idon wurin.

Wanda bai san sana'ar ba yana ɗauka ruwa duk ruwa ne. Ba haka ba ne. Ruwan teku na Jidda yana da gishiri, yana ɗaga mutum sama, shi ya sa masu nutso a can suke ɗaura ɗamarar dalma mai nauyi. Ruwan daɗi ba ya ɗaga kowa. Wanda ya shigo raminmu da dalmar Jidda zai tafi ƙasa da sauri fiye da yadda ya yi niyya. Saman ruwan yana da ɗumi, amma da an ɗan yi zurfi sanyi zai kama ƙirjin mutum. A ƙasa kuma laka ce kwance, shuri ɗaya ya isa ya tayar da ita, har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa.

Ɗantani yana da tsari guda da ba ya tsallakewa. Kowace safiya yakan ɗaure farin faranti a igiya mai ƙulli-ƙulli, kamu ɗaya tsakanin kowane biyu, ya saka a ruwa a hankali har farantin ya ɓace wa idonsa, sannan ya ƙirga ƙullin da suka nutse. In sun kai takwas, a shiga. In sun gaza huɗu, ko wane ne ya zo sai ya haƙura. Yakan faɗa mini adadin in rubuta, ya tsaya a kaina yana kallon alƙalamin, ko da yake bai san boko ba. Ya taɓa ce mini, "Bature, rubuta da kyau. Kai dai kana iya gyara naka da biro, ni nawa kuskure likkafani yake ci."

Yanzu idan na je gidan jikokina a unguwar Shisha, nakan ga hotunan da suke nunawa na wuraren koyon nutso na zamani. Tafki ne mai tayil, ruwa garau, kowa da agogo a hannu mai faɗin zurfi da lokaci. Larabci ya fi yawa a bakinsu, sai na roƙa suke juya mini da Hausa. Nakan tambayi kaina abin da Ɗantani zai ce. Ina jin agogon zai burge shi, domin mutum ne mai son kayan aiki nagari, zai juya shi ya shinshina shi kamar yadda yake yi wa kowane sabon abu. Amma zai tambaya wa ya duba ruwan da safe, kuma in aka ce na'ura ce, zai nemi a nuna masa mutumin da zai amsa tambaya in na'urar ta yi ƙarya.

Ranar da nake son in faɗa ta zo ne bayan an yi ruwa mai ƙarfi kwana biyu a jere, irin wanda ke gangarowa daga duwatsu ya kwashe duk abin da ya tarar. An riga an tsayar da rana da wasu samari goma sha biyu daga Jidda, masu takardar shaidar nutso a teku, za su zo gwaji da ƙarfe takwas. Suka iso a kan lokaci, da dalmarsu ta teku a ƙugu. Ɗantani ya saka farantinsa. A ƙulli na biyu ya ɓace.

Ya ce, "Ruwan ga ba shi shiguwa yau."

Mudir, wato shugaban wurin, ya ce masa da Larabci mafi mushkila, wato babu matsala, waɗannan ba sababbi ba ne, sun saba da teku mai igiyar ruwa, balle wannan kududdufi. Ɗantani ya ce teku daban, rami daban, kuma bai san abin da ambaliya ta zuba a ciki ba. Sai mudir ya juyo gare ni. A nan ne na yi abin da na yi. Na duba agogona, na ce an rubuta ƙarfe takwas, mutane sun yi tafiya sun cika alkawari, bai kamata mu ne za mu saɓa ba.

Ɗantani ya dube ni ya ce, "Yaya Malam, ruwa bai karanta takardarka ba."

Na ce masa ya san matsayinsa.

Ya shiga ɗakin kaya, ya bi tukwanen iska ɗaya bayan ɗaya yana buɗe bakinsu. Muna tsaye muna jin ƙarar iska tana fita, har ta mutu. Injin cika tukwanen yana Jidda wurin gyara a makon nan, kuma ya sani. Ya fito, ya miƙa wa mudir mabuɗin ɗakin da hannu biyu, ya je gindin bango ya zauna. Samarin suka koma mota suna zagi.

Attajirin ya nemi rahoto a rubuce, ni na rubuta. Na ce ma'aikaci ya ƙi bin umarni, ya saki iskar tukwane da gangan, ya kunyata wurin a gaban baƙi. Kowace jimla gaskiya ce, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Abin da ban sa ba shi ne ƙulli biyu. Mutumin da ba shi da iƙama ba shi da inda zai kai ƙara. Kafin la'asar an sallame shi.

Bayan kwana shida ruwan ya kwanta. Na tsaya a kan dandamali da safe, ni kaɗai, na leƙa. A daidai inda ake sauka, ƙasa da tsayin mutum uku, shingen waya mai ƙaya na wata gona ne kwance, ambaliya ta tumɓuke shi da turakunsa ta nannaɗe. Da an shiga ranar nan, samari goma sha biyu masu nauyin dalma fiye da kima za su sauka a kansa cikin duhun laka. Na daɗe a tsaye. Daga baya na sa ma'aikata suka jawo shi da ƙugiya, na rubuta a littafi cewa an share bakin ruwa. Ban gyara rahotona ba. An koya mini tun ina yaro cewa abin da mutum ya sa wa hannu ba ya janye shi, ni kuma na ɓuya a bayan wannan koyarwa domin ta yi mini daɗi.

Sauran shekarunsa Ɗantani ya yi su ne yana wanke tankunan ruwa na ƙarƙashin gidaje a unguwannin Hindawiyya da Jarwal, yana shiga da bokiti da tsumma cikin sanyi da warin magani. A can ƙirjinsa ya lalace. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ni, yana tsokanata da agogo, bai taɓa tayar da maganar ramin ba. Sau da yawa na shirya kalmomin a bakina, in ya zauna sai in tambaye shi lafiyar yara.

Me ya rage na Ɗantani? Ramin an cike shi da ƙasa, an yi rumbunan ajiya a kai. Bai bar gida ba, bai bar takarda mai sunansa ba. Abin da ya bari mutum goma sha biyu ne da ban san inda suke ba, watakila yanzu da furfura da 'ya'ya, waɗanda in sun tuna shi ma, a matsayin baƙin mutum mai taurin kai da ya ɓata musu rana suke tuna shi. Ni da nake taƙama da aiki ba aibi, ban taɓa yin aiki ɗaya da ya kai wanda ya yi da safiyar nan ba.

Rakiya tana nan da rai, idonta ya yi rauni. Har yau abin da ta sani shi ne mijinta ya yi fushi ya yi ɓarna aka kore shi, kuma yayanta ya yi iya ƙoƙarinsa. Na gaya wa 'yarta ta karanta mata wannan shafi daga farko har ƙarshe, kada ta tsallake layi ɗaya, kuma sai ina zaune a ɗakin. Allah Ya jiƙan Ɗantani, Ya sa ruwan Alkausara ne rabonsa. Ni kuwa zan zauna in ji abin da ƙanwata za ta ce.