Fiton da Baba Mai Faci Bai Ji Ba

A layinmu kowa ya san Baba Mai Faci. Ƙuruciyarsa kaf a bakin titi ta ƙare, da bahon ruwan sabulu a gabansa, yana neman inda taya ta sace. Yanzu ya tsufa, kunne ya yi nauyi, amma ɗakinsa ɗaya da baranda ya ce ko da ƙugiya ba mai fitar da shi.

Babbar 'yarsa kuwa ta dage sai ya koma gidanta. Ita ce ma ta saya masa injin zuƙe ƙura, irin mai caji mara waya, don ya huta da sunkuyon tsintsiya. To, ranar da ta zo ta tarar yana ta gurzar darduma, injin na fito kamar buta a kan wuta, ƙura kuma tana nan inda take, sai ta samu hujja. Ta ce duk maƙwabta sun ji, shi kaɗai bai ji ba. Wanda bai ji wannan ba, ina zai ji an taɓa ƙofa? Ta janyo jakarsa ta fara ninke riguna.

Baba ya janyo injin gabansa. Ya kaɗa sabulu, ya shafa kumfa a duk wata mahaɗa ta injin, ya kunna. Ko ƙwayar kumfa ba ta tashi ba. 'Yar ta ce kayan wuta ne fa, ba tayar keke ba. Ya tsaya, ya yi dariyar kansa: taya fitar da iska take yi, wannan kuwa sha yake. Ya goge tas, ya tsinko zare daga bakin hannun rigarsa, ya kunna injin, yana bi da zaren a kan mahaɗun a hankali. Daidai murfin gwangwanin ƙura zaren ya manne. Ashe zoben robar wurin ne ya tsage. Ya yanko wani daga tsohuwar robar taya, ya zaunar da shi, ya sake kunnawa. Darduma ta fara haske.

Ya dubi 'yar ya ce, "Uwata, kunnen naki ne. Yana fiton?"

Ta kasa kunne, ta ce fiton ya daina.

"To mayar min da rigunana. Duk sati ki zo ki ji min, ni in gyara."

Ta mayar, tana mita. Baba dai bai ji ba.