Wa Zai Amsa wa Yaya Bawa Sallama?

Duk wanda ya taɓa zama da Yaya Bawa ya san tambayarsa. Ka ce masa, "Baba, zo mu je wuri kaza," ba zai tambaye ka nisa ba, ba zai tambaye ka abin da za a ci ba. Sai ya sauke tabarau kan hanci, ya dube ka ta sama, ya ce, "To, wa zai amsa mana sallama?" Ko ƙofar asibitin nan mai buɗe kanta sai da ya yi mata sallama. Da ta buɗe ya ce, "Madalla! Wannan ta fi wasu mutane tarbiyya."

Ni ce Asabe, ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, autar Inna. Ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba, don abin da ya shiga kaina ba ya fita. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya zo Manchester karatu, ni na biyo shi da tukwanena, muka zauna Levenshulme har 'ya'ya suka yi 'ya'ya. Yaya kuwa Birmingham ya sauka, ya tuƙa bas har ya yi ritaya. Kowa cewa yake "Baba mai rigima", amma ba wanda ya san inda rigimar ta samo asali sai ni. To ku matso ku ji.

Mu 'yan kan dutse ne, can ƙasar Zamfara. Gidanmu shi ne na ƙarshe a sama, ƙofarsa tana kallon gabas, bayansa falalen dutse inda ake shanya barkono. In Yaya ya dawo kiwo da yamma, tun daga gangare yake hango hayaƙin girkin Inna. Ya iso ƙofa ya yi sallama, ita kuwa amsarta ɗaya ce kullum: "Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar Bawa? Shigo, ɗan nan, kafin tuwo ya huce." Yau garin ba kowa. Masu bindiga sun tashe shi, danginmu sun warwatsu cikin birane. Wanda ya je na ƙarshe ya ce ciyawa ta fito a tsakar ɗakin Inna. Da Yaya ya ji, bai yi kuka ba. Cewa ya yi kawai, "Ashe yanzu ko na je ba mai amsawa."

Shi ya sa da aka ba shi gida a unguwar Ladywood ta Birmingham, a wani dogon bene, ya zaɓi hawa na can ƙololuwa. Kuma ba ya shiga lif! Ɗansa Kabiru ya yi ta fama.

"Baba, don Allah ka riƙa shiga lif, gwiwarka fa."

"Ni guga ne da za a ja ni da igiya?"

Da gwiwar ta ƙi sam, wata mata ta zo daga council, hukumar da ta ba shi gidan, da fara'arta, ta ce sun samo masa flat a ƙasa, ba hawa ba sauka. Ya ba ta shayi, ya tambaye ta iyayenta, sannan ya ce, "Yarinya, ƙasa tana nan tana jirana. Ba sai council ta kai ni ba." Daga baya dai ya riƙa shiga lif ɗin, amma in ka kama shi a ciki sai ya ɗaga jakar cefane ya ce, "Ba ni na shiga ba. Wannan nake rakawa."

To, wata shekara Kabiru ya je hutu da abokan aikinsa can cikin duwatsu, ya dawo da hotuna: wata 'yar bukkar katako a gefen dutse, hazo a ƙasanta, tumaki suna kiwo. Ya ce haya ake ba da su, ka kwana biyu ko mako ka dawo. Yaya ya riƙe wayar nan ya ƙi saki. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Ashe akwai dutse a ƙasar nan, kuka bar ni ina hawan bene?"

Daga ranar muka shiga uku. Duk shekara, da rana ta fara tsawo, sai ga Yaya ya hawo jirgin ƙasa daga Birmingham, Kabiru a bayansa, a baje a falona, wai an zo zaɓen bukka. Ni da 'yata Binta mu kawo shayi mu zauna kallo.

Kabiru ya nuna ta farko. "Baba, ka ga wannan, very nice."

"Ina ƙofarta take kallo?"

"Ban sani ba, Baba. Yamma, ina ji."

"Gida ya juya wa hantsi baya? Wuce."

Ta biyu. "Wannan fa? Suna ce masa mountain."

"Wannan? Jujin garinmu ya fi shi tsawo. Wuce."

Ta uku kuwa kyakkyawa ce ƙwarai, sai dai a gabanta akwai wani ƙaton baho yana tururi. Kabiru ya ce ruwan zafi ne, mutane suna shiga su huta suna kallon dutse. Yaya ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"A waje?"

"A waje, Baba."

"Gaban tumaki?"

"Ai ba dole ba ne ka shiga."

"Gidan da ake dafa mutum a tsakar gida ba zan kwana cikinsa ba. Asabe, kin ga inda duniya ta kai?"

Na ce, "Na gani, Yaya. Ni dai da ka bar min ita, in jiƙa ƙafafuna." Bai sake yi min magana ba sai bayan la'asar.

In kuma wata ta tsallake duk wannan, saura babbar tambaya: wa zai amsa mana sallama? Ya ce sai an kira mai gida ya gaishe shi tukuna, don ba a sauka gidan mutum kamar ruwan sama. Kabiru ya buga lambar ya miƙa masa. Wata murya mai daɗi ta ɗauka. Yaya ya gyara zama, ya shiga gaisuwa da Turancinsa na cikin bas: ya gida, ya iyali, ya ruwa a wajenku. Muryar nan ta ce ya danna ɗaya. Ya ce, "Ina gaishe ki, yarinya, ki bari in gama." Ta ce ya danna biyu. Binta ta toshe baki da gyale. Kabiru ya ce, "Baba, inji ne, ba mutum ba ce." Yaya ya miƙa masa wayar ya ce, "Ko inji ne ai wani ya rene shi. Wuce."

Haka muka yi ta wucewa, shekara tana bin shekara. Kabiru ya gaji, ya kama wata a ɓoye can yankin tafkuna, arewa da Manchester, ya zo ya ce, "Baba, an riga an yi booking, ba fashi." Ƙofa gabas, ba baho, dutse kuwa dutse. Yaya ya sa babbar rigarsa a kan rigar sanyi. Ya ɗaure wa mai gida tsaraba: goro, kilishi, da dakakken yajin da ya sa ni na daka. A mota waƙar kiwo yake yi ƙasa-ƙasa, wadda rabona da jin ta tun ina yarinya.

Muka iso. Jama'a, wurin nan ya yi kyau ba kaɗan ba. Iska tana kaɗa ciyawa kamar ta bayan gidanmu. Yaya ya fito da sandarsa, ya tsaya bakin ƙofa.

"Salamu alaikum."

Shiru.

"Salamu alaikum, masu gida."

Wata tunkiya ce ta ɗago kai ta dube shi. Kabiru kuwa ya durƙusa gaban wani ɗan akwati a jikin bango yana danne-danne, sai ga makulli ya fito.

"Baba, ga key. Nan ba mai zuwa, da kanka kake shiga."

"Mai gidan yana ina?"

"Ina ji London yake zaune."

Yaya ya yi sallama ta uku, ya tsaya ya saurara, kunnensa a jikin ƙofa. Sannan ya juya ya koma mota ya zauna, ya ɗora tsaraba a cinya.

Na bi shi. "Yaya, don girman Allah! Mun yi wannan doguwar tafiya, ga miyata a kula!"

"Asabe, sallama uku ce. In ba a amsa ba, komawa ake yi. Ke ma kin sani."

"Ai haya ce! An biya!"

"Ɓarawo ma da makulli yake shiga wani lokaci."

Wallahi komawa muka yi. Tuwon da na tuƙa don kan dutse, a gefen babban titi muka ci shi, manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu. Na yi ta masifa har Manchester. Amma da na waiga na gan shi ya manna fuska a gilashi yana kallon duwatsun nan suna ƙanƙancewa a bayanmu, sai na bar masifar. Ba girman kai ba ne ya hana shi shiga. Ƙofar da ba a amsawa yana da ita can gida Zamfara. Bai zo neman ta biyu ba.

Bayan nan likitan unguwarsu ya tura shi asibiti, aka ce zuciya ce, ta gaji. Ba shi ba doguwar tafiya a jirgin ƙasa. Da rana ta fara tsawo a shekarar, Yaya bai zo zaɓen bukka ba. Na kira shi ya ce, "Bari kawai, Auta. Tagata ta ishe ni." Rabon da ya kira ni Auta har na manta. A nan na san in ban tashi ba, yayana zai bar duniya bai sake zama kan dutse ba.

Na sa aka kira min Kabiru. Na ce, "Kawo wayar nan, yau ni zan zaɓa." Na zaɓi wata a duwatsun yankin Wales: ƙofa gabas, falalen dutse a baya, murhun itace a ciki. Kabiru ya ce, "Gwaggo, ita ma fa akwatin key ne da ita." Na ce, "Na ji. Da sunana za ka kama ta. Wanda ya kama haya, ba shi ne mai gida ba har ya tashi?" Ya dube ni, ya dube ni, sai ya fashe da dariya, idonsa yana kawo ruwa.

Binta ta kai ni tun ana gobe za su zo. Na share ɗakin, na hura murhu, na shimfiɗa tabarma. Na ɗora miyar kuka da daddawa har ƙamshinta ya kori ƙamshin sabulun Turawa. Har barkono na baza a kan dutsen baya, ko da yake ranar ƙasar nan ba ta busar da ko hankici.

Da la'asar na ji mota a gangare. Daga baya Kabiru ya gaya min tun daga nesa Yaya ya nuna da sanda ya ce, "Hayaƙi. Gidan nan da mutum." Na ji takunsa a hankali, taku ɗaya hutu ɗaya. Na tsaya bayan ƙofa.

"Salamu alaikum."

Na buɗe baki, sai murya ta ƙi fita. Ni Asabe, da ba a taɓa raba ni da magana ba!

"Salamu alaikum, masu gida."

Sai a ta biyun na ce, "Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar Bawa? Shigo, ɗan nan, kafin tuwo ya huce."

Can ƙofa ta buɗe a hankali. Ya cire takalmi, ya shigo da ƙafar dama, gemunsa a jiƙe. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min ƙullin goro da hannu biyu kamar bai taɓa ganina ba.

"Ga tsaraba, uwar gida. Muryarki ta yi kama da ta wata da na sani." Ya shaƙi ƙamshin miya ya ƙara da cewa, "Sai dai ita ba ta cika gishiri."

"Ko ɗanɗanawa ba ka yi ba, Yaya!"

"Daga ƙamshi na ji."

Malmala biyu ya ci, mutumin da aka ce ba ya iya cin rabi. Kwanakin da muka yi, kullum da hantsi sai ya fita ya zauna kan falalen dutsen nan cikin bargo, yana nuna min wurare da sanda: can ne rijiya za ta kasance, can ne gidan su Malam, can ne hanyar kasuwa. Ni kuma ina cewa, "A'a, rijiya ta fi nan kusa." Muka gina garinmu kaf a kan dutsen Turawa, muna gardama a kan kowane lungu. Kuma duk fitar da zai yi, ko alwala ce, in zai dawo sai ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama, ya jira. Wani lokaci da gangan yake fita, na sani. Ni ma ban taɓa canza amsa ba.

Kafin sanyi ya shigo, Allah ya karɓi abinsa, a can saman benensa na Ladywood, fuskarsa wajen taga. Goron nan yana nan a ɗakina, ya bushe ƙamas, ban iya ci ba.

Ya Allah, ga Bawa nan ya taho ƙofarka da sandarsa. Ka san halinsa, ba zai shiga ba sai an amsa. Ka yafe masa, ka sa a amsa masa tun a ta farko. Ka ba shi gida a can sama, ƙofa gabas, kusa da Inna. In tawa ta zo na iso na yi sallama, ka sa in ji muryarsa daga ciki yana cewa, "Wa nake ji kamar Auta?" Amin.